Yadda Za A Sa Batirin Agogon Motsa Jiki Ya Daɗe

 Abin da zan yi bayani a kansa bana ɗan ƙaramin abu ne, amma ya fara yawa a hannun jama'armu, wato agogon nan mai ƙirga taku da auna bugun zuciya. Duk wanda ya lura ranar Lahadi in an tashi daga sujada zai gan shi a hannun dattawan ikilisiya, da iyayenmu na zumuntar mata, da malamai, har da waɗansu ɗalibai da aka saya musu lokacin hutu. Waɗansu don ado suka ɗaura, wannan ba laifi. Amma da yawa likita ne ya ce suna da hawan jini ko ciwon sukari, dole su riƙa tafiyar ƙafa kullum, sai ɗa ko 'yar da ke aiki a birni ta aiko da agogon don ya taimaka wajen lissafi.

Kukan da ake yi da shi guda ɗaya ne: ba ya riƙe caji. A jikin kwali an rubuta sati biyu, amma kwana uku ko huɗu sai ya ɗauke. Ga kuma halin wutarmu, wadda har yanzu muke kira NEPA ko da yake an sauya wa hukumar suna tun 2005. Agogo ya mutu ran Talata, wuta ba ta dawo ba sai Alhamis, in ta dawo kuma ana rububin cajin waya da tocila a manta da shi. Ƙarshenta sai a same shi a cikin durowa, tafiyar ma a daina. Asarar kuɗi ke nan, ga ta lafiya wadda ta fi ta kuɗi ciwo.

In an ce batir ya daɗe, magana biyu ake nufi, kuma ya kamata mu raba su. Ta farko, kwana nawa caji ɗaya zai kai ka. Ta biyu, shekara nawa batirin zai yi kafin ya tsufa ya daina riƙe wuta. Da yake kusan duk waɗannan agogunan manne suke da gam, ba a kwance su a sa sabon batir kamar na rediyo, ranar da batirin ya gama, yawanci agogon ma ya gama.

Ɗan tulu, ba rijiya ba

Na'urar ƙirga taku ba yau ta fara ba. A 1965 wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da wata da ya kira manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku 10,000, kuma daga sunan nan na talla aka samo adadin da kowa ke ambata yau. Kamfanin Fitbit na Amurka, wanda aka kafa a 2007, ya fara sayar da tasa ta zamani a 2009. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, na farkon ba su da matsalar caji sosai. Garmin vívofit na 2014 yakan yi shekara guda da ƙananan batura biyu irin na agogo. Mi Band na farko, wanda Xiaomi na ƙasar Sin ya fitar a wannan shekarar, kwana 30 yake yi da caji ɗaya, domin ba shi da allo ko kaɗan, sai 'yan fitilu uku. Da aka ƙara musu allo mai launi, da ma'aunin zuciya, da saƙonnin waya, sai kwanakin suka yi ta raguwa. Apple Watch, wanda ya fito a 2015, awa 18 aka yi masa alkawari, bai cika kwana ɗaya ba.

Ana auna girman batir da wani ma'auni da ake rubutawa mAh. Wayoyin Tecno da Infinix da ke hannun yawancinmu sukan zo da batir mai 5,000. Shi kuwa Xiaomi Smart Band 8 na 2023, nasa 190 ne. In ka raba 5,000 da 190 za ka samu kusan 26, wato sai an tara batirin agogo 26 kafin a yi na waya ɗaya. Saboda haka mai agogo ya ɗauka ɗan tulu aka ba shi ya yi sati biyu da shi. Kowane aiki da agogon ke yi, moɗa ce ake tsomawa a ciki.

Ɗalibai, ku ɗauki biro mu yi lissafi. Kamfanin ya ce agogon nan zai yi kwana 16 a amfani na yau da kullum. Kwana 16 awa 384 ke nan. Raba 190 da 384, amsa ita ce kusan rabin miliamfiya a kowace awa. Amma kamfanin ya ƙara da cewa in aka bar allon a kunne dare da rana, kwana 6 kawai zai yi, wato awa 144. Raba 190 da 144, za ka samu 1.3 da 'yan kai. Ke nan barin allo a kunne kaɗai ya fi cin wuta a kan dukan sauran ayyukan agogon in an haɗa su. Wannan lissafi shi ne rabin abin da nake so in faɗa.

Ƙirga taku, wanda shi ne dalilin da ya sa aka sayi agogon, kusan ba ya cin komai. Akwai wata 'yar mitsitsiyar na'ura a ciki mai jin motsi da lilon hannu, wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba. Masu shan ruwan tulun su ne allo, da fitilun da ke bayan agogon, da GPS, da kuma karkarwar da yake yi in saƙo ya shigo.

Allo

Yawancin na yanzu suna da irin allon da ake kira AMOLED. A wannan allo kowane ɗigo fitilar kansa ne. Inda hoto yake baƙi, fitilun wurin a kashe suke, ba sa shan komai. Inda yake fari, duka a kunne suke. Don haka fuskar agogo mai baƙin bango da 'yan lambobi ta fi arha a kan wadda aka sa hoton biki ko furanni, balle mai motsi wadda hannun daƙiƙa ke zagayawa ba hutawa. Na san da yawa sun fi son sa hoton jika ko na mawaƙan coci a fuskar agogo. Abin sha'awa ne, sai dai a sani da kwanakin caji ake biyansa. Idan kuwa agogonka mai allon LCD ne, kamar waɗansu masu araha, baƙin bango ba zai taimaka ba, domin fitila ɗaya ce a baya take haska allon duka. A nan rage haske ne kawai magani.

A shiga saiti a kashe barin allo a kunne. A rage haske zuwa mataki na biyu ko na uku cikin biyar. A aji, ko ofis, ko cikin coci wannan ya isa, sai an fita rana tsaka ne ake bukatar ƙari. A sa allon ya mutu bayan daƙiƙa 5 maimakon 15. Sa'an nan akwai saitin da ke sa allo ya kama da zarar ka ɗaga hannu. Wannan yana da amfani, amma agogo bai san bambancin mai duba lokaci da malami mai rubutu a allon aji ba. Haka mai bi da mawaƙa, da mai buga ganga, da mai daka, da wanda ba ya magana sai da wurga hannu, duk agogonsu kamawa yake ta yi ba wanda ya duba. Irin waɗannan gara su kashe saitin, su riƙa taɓa allon da yatsa in suna son ganin lokaci. Wanda bai iya rabuwa da shi ba, to, ya sa masa lokaci, ya riƙa aiki daga 6 na safe zuwa 9 na dare, don kada juyin barci ya riƙa kunna shi.

Koriyar fitilar baya

Juya agogon ka ga wata koriyar fitila tana walƙiya. Ita ce ke auna bugun zuciya. Jini yana shanye koren haske, don haka duk lokacin da zuciya ta buga jini ya ƙaru a jijiyoyin hannu, hasken da ke dawowa cikin agogon sai ya ragu. Daga wannan raguwa da ƙaruwa agogon ke lissafa bugun. Dabara ce mai kyau, amma fitila ce, kuma fitila wuta take sha.

Da yawa daga cikin agogunan suna ba mutum zaɓi: a auna kowane minti 1, ko 10, ko 30. Mai auna kowane minti yana kunna fitilar sau 1,440 a kwana guda. Mai minti 10, sau 144. Mai minti 30, sau 48. Saurayi ko budurwa mai ƙoshin lafiya ba ta da bukatar awo 1,440 a rana. Ta sa minti 30, in za ta yi gudu ko atisayen wasannin gidaje ta danna saitin motsa jiki, a lokacin agogon zai riƙa aunawa ba tsayawa har ta gama. A tabbata kuma an danna gamawa. Sau da yawa wannan mantuwa ce ke shanye batir cikin dare ɗaya, mutum ya kwanta agogo yana tsammani har yanzu gudu yake yi.

A nan dole in ja kunne. Wanda likita ya ce ya riƙa lura da bugun zuciyarsa, kada ya rage awon don tattalin batir sai ya tambayi likitan. Gara a yi caji kowane kwana huɗu da a rasa abin da aka sayi agogon dominsa. Tattali ba ya nufin rowa.

Akwai kuma jar fitila, mai auna iskar oksijin a cikin jini. Waɗansu agogunan sukan kunna ta duk dare, tare da awon numfashi da abin da suke kira awon damuwa. Waɗannan suna cikin manyan masu cin wuta, kuma yawancinmu ba ma buɗe sakamakon mu duba. A kashe su, in bukata ta taso a auna da hannu, minti ɗaya ya isa. Ƙirga awoyin barci kaɗai ba ya cin wuta sosai, ana iya barinsa.

Game da agogunan kasuwa da ke cewa suna auna sukarin jini, shawarata ita ce a kashe wannan saitin ɗungum, ba don batir kaɗai ba. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a kada su dogara da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai ciwon sukari ya ci gaba da amfani da na'urarsa ta tsinin yatsa. Haka mai hawan jini, ma'aunin da ake ɗaurawa a damtse a asibiti ko a gida shi ne abin dogara. Akwai na bogi da in ka ɗaura su a ƙafar kujera za su gaya maka bugun zuciyarta. Araha ba ta ado.

Wani abu kuma, a ɗaura agogon daidai, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu, kada ya yi sako-sako. In yana lilo, haske na waje yana shiga, sai ya yi ta maimaita awo, sakamakon kuma ya zo ba daidai ba.

GPS da saƙonni

Ba abin da ya kai GPS cin batir. Don agogo ya san inda kake, sai ya saurari aƙalla taurarin ɗan'adam 4 da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 sama da mu, ya yi ta lissafi ba hutu. Fitbit Charge 4 na 2020 an yi masa alkawarin kwana 7, wato awa 168, amma in GPS yana kunne awa 5 ne kacal. Tafiyar awa ɗaya da GPS ta cinye kashi ɗaya cikin biyar na batirin, fiye da abincin kwana guda.

To, mene ne amfaninsa ga dattijon da kullum hanya ɗaya yake bi, daga gida zuwa coci ya zagayo ta bakin kasuwa ya dawo? Ya kunna sau ɗaya ya san tsawon hanyar, shi ke nan, hanya ba ta ƙara tsawo da dare. Mai zagaya filin wasa mai mita 400 ya ƙirga zagaye, biyar kilomita biyu ne. A ajiye GPS don ranar gudun dogon zango, ko ranar da 'yan Boys' Brigade za su hau dutse. In za a kunna, a tsaya a fili inda sama take a buɗe har ya kama. Neman tauraro a ƙarƙashin rufin kwano ko cikin inuwar mangwaro ɓarnar wuta ce kawai.

Shi Bluetooth, wanda ke haɗa agogo da waya, ana yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Tun 2010 aka fito da nau'insa mai ƙarancin shan wuta, kuma da shi waɗannan agogunan ke aiki. Laifin na abin da ke biyowa ta cikinsa ne. Kowane saƙo in ya shigo, allo zai kama, ɗan injin da ke ciki kuma ya karkaɗa hannu. Ku duba yawan zaurukan WhatsApp da mutum ɗaya ke ciki: na mawaƙa, na zumuntar matasa, na tsofaffin ɗalibai, na dangi, na unguwa. A ce saƙo 200 a rana, kowanne ya kunna allo daƙiƙa 5. Daƙiƙa 1,000 ke nan, kusan minti 17 na haske, ban da karkarwa sau 200, kuma rabinsu gaisuwar barka da asuba ce da hoton fure. A shiga manhajar agogon a waya a bar kiran waya kaɗai, ko da saƙon tes in ana so. Da dare a sa saitin hana damuwa. Ranar Lahadi ma haka, don ba kyau a ga mutum yana leƙen hannu ana cikin wa'azi.

Ɗaliban kwana, da yake dokar makaranta ba ta yarda da waya ba, ku kashe Bluetooth ɗin agogon in yana da wurin kashewa, kada ya yi ta neman wayar da ke gida. Zai ci gaba da ƙirga taku yana nuna muku a allo. Na Fitbit, alal misali, suna ajiye cikakken bayanin kwana 7, da jimillar kowace rana har kwana 30. Kada kuma a shiga ɗakin jarrabawa da shi, ko da a kashe yake.

Tsufan batir

Yanzu sai magana ta biyu, wadda a ganina ta fi muhimmanci gare mu saboda yanayin ƙasarmu.

Batirin da ke cikin agogon na litiyam ne, irin na waya. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da irinsa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda aikinsu a kansa. Goodenough yana da shekara 97 a lokacin, wanda ya isa ya ƙarfafa duk malamin da ke ganin ya tsufa. Shi wannan ma'adini na litiyam ana haƙo shi a nan ƙasarmu, a Jihar Nasarawa.

A cikin batirin akwai ɓangare biyu, ƙwayoyin litiyam kuma suna kai da kawowa tsakaninsu. In ana caji sai a tura su ɓangare ɗaya, in ana amfani sai su komo ɗayan, a komowar ce suke ba da wuta. Amma a kowace tafiya waɗansu sukan maƙale a hanya, su zama wani ɓawo da ba ya komawa aiki. Haka batir ke raguwa sannu a hankali. Abin da aka saba faɗa shi ne, bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500, batir yakan koma riƙe kamar kashi 80 cikin 100 na abin da yake riƙewa yana sabo.

Ga inda maganar farko ta haɗu da ta biyu. Mai caji kowane sati biyu, sau 26 zai yi a shekara. Mai caji kowane kwana uku, kusan sau 122. Mai caji kullum, sau 365, wato kafin shekara ɗaya da rabi ya cinye 500 ɗinsa. Ashe rage hasken allo ba kwanaki kaɗai yake ƙarawa ba, har da shekaru.

Sai dai ko ba a taɓa batir ba yana tsufa, kuma babban abin da ke gaggauta tsufansa shi ne zafi. Batirin litiyam ya fi jin daɗin yanayin da mutum ma ke jin daɗi, wajen digiri 20 zuwa 25. In ya wuce 35 ya fara wahala, kuma bai kamata a yi masa caji ba in ya haura 45. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu da Mayu, a wurare da yawa na Arewa zafin inuwa ma yakan haura 40. Cikin motar da aka rufe a rana yakan wuce 60. Saboda haka kada a bar agogo a gaban mota, ko a kan taga, ko kusa da murhu, ko a kan janareta. Iyayenmu mata su cire shi in za a yi girkin taro a gaban manyan tukwane. A bazara a yi caji da sassafe ko da dare, a kan siminti ko tebur, ba a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba. In an dawo daga rana agogon ya yi zafi, a bar shi ya huce tukuna. Kada kuma a ce za a sa shi a firij, domin raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin ɓarna.

Akwai wata tsohuwar shawara da ta zo tare da wayoyin farko, lokacin da GSM ta shigo Nijeriya a 2001: wai a bar batir ya mutu murus kafin a yi caji, sabo kuma a bar shi a wuta awa takwas. Wannan ta samo asali ne daga tsofaffin batura na nikel, ba ta shafi na litiyam ba, hasali ma cutar da shi take yi. Shi na litiyam ba ya son yunwa, ba ya kuma son ƙoshi ya yi yawa. Ya fi lafiya tsakanin kashi 20 da 80. In ya sauko wajen 20 ko 30 a sa shi a caji, in ya kai 80 ko 90 ana iya cirewa. Ɗan caji na minti 15 lokacin da mutum ke wanka ba ya cutar da shi ko kaɗan.

Amma mu yi magana ta gaskiya. Wanda bai san ranar da wuta za ta dawo ba, ba za a ce masa ya tsaya a 80 ba. In wuta ta zo, ka cika shi 100, ka tuna da budurwai biyar ɗin nan da suka tanadi mai. Cikawar ba ita ce babbar illa ba, illar ita ce barinsa a jone kwana da kwanaki bayan ya cika, musamman cikin zafi. Awa ɗaya zuwa biyu ta ishi yawancinsu. In ya cika, a cire a ɗaura.

Abin da ya fi kashe agogunan ɗalibai shi ne ajiya. A bar agogo a akwati ba caji tun farkon zango, a dawo bayan wata uku a tarar ya ƙi tashi. Dalili kuwa, batir yana zubar da wuta kaɗan-kaɗan ko ba ya aiki, in kuma ya faɗi ƙasa da wani mataki, sai na'urar tsaron da ke cikinsa ta rufe shi, wani lokaci har abada. Wanda zai ajiye agogo na tsawon lokaci ya yi masa caji zuwa rabi, ya kashe shi in yana kasuwa, ya sa shi wuri mai sanyi marar laima, bayan wata biyu ko uku a ɗan ƙara masa. In an sami wanda ya riga ya suma, a jona shi a bar shi kamar awa ɗaya kafin a fid da rai, sau da yawa yakan farfaɗo.

Caja da igiya

Agogon yana bukatar bolt 5 ne na USB, kuma abin da yake ja kaɗan ne ƙwarai. Kan caja na kirki, ko ramin USB na kwamfuta, ko na fitilar sola, duk sun isa. Abin gudu shi ne kan cajar nan marar suna da ake sayarwa a tasha, wanda wutarsa ke hawa da sauka. Kada a bar agogo a jone lokacin da ake tayar da janareta, ko daidai lokacin da aka dawo da wuta, a ɗan jira ta daidaita.

Batirin ajiya da ake kira fawa bank babban aboki ne a nan, domin mai 10,000 zai cika agogo sau da dama ba tare da ya ji a jikinsa ba. Sai dai da yawa daga cikinsu sukan kashe kansu bayan ɗan lokaci, saboda wutar da agogo ke ja ta yi ƙanƙanta har suna tsammani ba a jona komai ba. Mutum ya dawo ya tarar agogo bai ƙaru ba, ya ce ya lalace. Waɗansu suna da saitin ƙananan na'urori, wanda akan shiga ta danna maɓallin sau biyu ko riƙe shi, a duba takardar da ta zo da shi.

Sau da yawa kuma laifin ba na batir ba ne sam. A bayan agogon akwai 'yan ƙarafa biyu masu ruwan zinariya inda igiya ke kamawa. Gumi yana da gishiri, ga man shafawa, ga ƙurar hunturu, sai su taru su rufe ƙarafan har su fara tsatsa. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Sau ɗaya a mako a goge wurin da auduga da ɗan sifirit, ko tsohon buroshin haƙori busasshe. Kada a kankare da allura ko reza. A tabbata agogon ya bushe kafin a jona, domin wuta da gumi in sun haɗu su ne ke cinye ƙarfen. Bakin igiyar ma yana da maganaɗisu, yakan kwaso ɓurɓushin ƙarfe daga ƙasa, a riƙa dubawa. A kuma adana igiyar da kyau, don kusan kowane agogo da irin tasa, ba kamar ta waya ba da za ka ara wurin maƙwabci.

Idan bayan agogo ya kumbura, ko allon ya fara ɗagowa, ko yana zafi a hannu ba dalili, a cire shi nan take, kada a sake yi masa caji. Wannan ba wasa ba ne. A Maris 2022 kamfanin Fitbit ya janye agogonsa mai suna Ionic, kimanin miliyan 1.7 a duniya, bayan rahotannin cewa batirin yana zafi har ya ƙone masu shi. Batirin da ya kumbura kada a huda shi, kada a ba yara su yi wasa da shi, kada kuma a jefa shi cikin sharar da za a ƙone a bayan ɗakin kwana, domin yana iya fashewa. A sa shi cikin gwangwani da yashi, nesa da abin da ke kama wuta, har a kai wa masu gyaran waya.

Wanda nasa ya tsufa kawai, bai kumbura ba, yana iya gwada masu gyara a manyan kasuwannin waya irin su Farm Centre ta Kano, waɗansu sukan sami batirin da ya dace su sauya. A fara tambayar kuɗin a gwada da na sabon agogo. A kuma sani cewa da zarar an ɓamɓare gam ɗin, kariyar ruwan da aka rubuta a kwali ta tafi, daga ranar sai a riƙa cire shi kafin wanka da wanki, in hadari ya taso kuma a sa shi a aljihu.